Masu ƙirge ake fara kamawa

Ranar 6 ga Mayun 2024 jami'an tsaro a birnin Tunis suka kama Saadia Mosbah. 'Yar ƙasar Tunisiya ce, baƙar fata, ta haura shekara sittin, ta kuma shafe fiye da shekara talatin tana aiki a cikin jiragen kamfanin Tunisair kafin ta yi ritaya. A 2013 ta kafa wata ƙungiya mai suna Mnemty, wato "mafarkina" a Larabcin ƙasar, domin yaƙi da wariyar launin fata. Tuhumar da aka yi mata ita ce halasta kuɗin haram. A ranar da aka kama ta, Shugaba Kais Saied ya zauna da majalisar tsaron ƙasarsa yana zargin ƙungiyoyin da ke taimakon baƙi da cin amanar ƙasa da karɓar kuɗi daga waje. Shekara ta zagayo tana tsare ba a yanke mata hukunci ba.

Ni ban yarda cewa lissafin kuɗi ne ya kai wannan baiwar Allah kurkuku ba. Wani lissafin daban ne. Ita da abokan aikinta su ne suke riƙe da littafin da ake rubuta wane aka zaga, wane aka kora daga gidan haya, wace direban tasi ya ƙi ɗauka saboda launinta, wane aka sara da wuƙa. Duk inda gwamnati ta ɗauki hanyar ɗora wa baƙo laifin talaucin ɗan gari, mai riƙe da irin wannan littafi shi ne mutum na farko da ke tsone mata ido. Shi ya sa nake ganin duk wata magana ta yaƙi da wariya da ƙyamar baƙi, in ba ta fara daga kare masu ƙirge ba, shan ruwan tsuntsaye ce kawai.

Abin da ya sa labarin Tunisiya ya fi ci mini rai shi ne, ba ƙasar da ta rasa doka ba ce. Tun ranar 23 ga Janairun 1846 Ahmad Bey ya haramta bauta a ƙasar, kafin Faransa ta yi hakan a ƙasashen da take mulka, kafin Amurka ma ta yi. A watan Oktoban 2018 majalisar dokokinta ta zartar da doka mai lamba 50, wadda ta mayar da wariyar launin fata laifi. Mai zagin wani ko wulaƙanta shi saboda launinsa zai iya shan ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara guda da tarar dinari 500 zuwa 1,000. Mai ingiza jama'a su ƙi wani jinsi ko su far masa, nasa ɗaurin daga shekara ɗaya ne zuwa uku. Ba daga sama dokar ta faɗo ba. A Disambar 2016 an daɓa wa ɗalibai uku 'yan Kwango wuƙa a tsakiyar Tunis, jama'a suka fito, kuma mutane irin su Saadia Mosbah suka yi ta bugun ƙofar majalisa har aka buɗe.

Dokar ta fara aiki kuwa. A farkon 2019 wata kotu a birnin Sfax ta samu wata mata da laifin zagin malamin 'yarta saboda baƙar fatarsa, ta yi mata ɗaurin je-ka-gyara-halinka da tara. A Oktoban 2020 wata kotu a Medenine da ke kudancin ƙasar ta amince wa wani dattijo mai shekara 81 ya cire kalmar "atig" daga sunan gidansu. Ma'anar kalmar ita ce 'yantaccen bawa. Shekara ɗari da saba'in da wani abu bayan an hana bauta, tana nan manne a takardun haihuwar jikoki da tattaɓa-kunne, tana shaida wa duk ma'aikacin da ya buɗe takarda cewa kakan wannan mallakin gidan wane ne. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin an fasa aure saboda an tono "asali" ya san nauyin irin wannan kalma, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To amma a cikin dokar akwai wani sashe da ba a cika ambatonsa ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayanta. Ta tanadi a kafa hukumar ƙasa da za ta riƙa tattara bayanai kan wariya, ta bi diddiginsu, ta ba gwamnati shawara. An fitar da takardar kafa hukumar a 2021. Har wutar 2023 ta tashi ba ta zauna ta fara aiki ba. Ƙidayar jama'ar Tunisiya kuma ba ta nuna adadin baƙaƙen fatar ƙasar, sai ƙiyasin masu fafutuka da ke cewa sun kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ke nan gwamnati ta yi doka, ta bar aikin gani da ido ga ƙungiyoyin sa-kai. Su suka buɗe wuraren karɓar koke, suka nemo lauyoyi, suka riƙa fitar da rahoto. Da iska ta juya, babu rigar hukuma ko ɗaya a jikinsu da za ta kare su.

Iskar ta juya ne ranar 21 ga Fabrairun 2023. Kais Saied ya ce tururuwar baƙin haure daga kudu da Sahara wani shiri ne na miyagu da aka ƙulla domin a sauya yanayin al'ummar Tunisiya, a mayar da ita ƙasar Afirka zalla, wadda ba ta cikin Larabawa ba ta cikin al'ummar Musulmi. Kafin ya faɗa, wata ƙaramar jam'iyya mai kiran kanta ta 'yan kishin ƙasa ta daɗe tana yaɗa wannan magana a Facebook da TikTok. Da ta fito daga bakin shugaban ƙasa sai ta zama izini. Cikin kwanaki kaɗan masu gidajen haya suka watso kayan mutane waje, masu shaguna da wuraren gini suka sallami ma'aikata, matasa suka riƙa tare baƙaƙen fata a titi. Har 'yan ƙasar masu baƙar fata sai da suka koma yawo da katin shaida a hannu. Gini da Kodebuwa da Mali suka aika jirage suka kwashe mutanensu.

A nan ne amfanin ƙirge ya bayyana ƙarara. Ƙungiyar kare haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa ta Tunisiya, FTDES, ta fito da alƙaluman hukumar ƙididdiga ta gwamnatin kanta: 'yan kudu da Sahara da ke zaune a ƙasar kimanin 21,000 ne, a cikin al'umma mai mutum miliyan 12. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su kai ba, ko rabin hakan ma ba su kai ba. Da wannan adadi guda ɗaya maganar mamaya ta rushe. Ba ta hana a doki mutane ba, gaskiya ne, amma ta ba wa Moussa Faki Mahamat, shugaban hukumar Tarayyar Afirka na lokacin, abin tsayawa a kai da ya yi tir da kalaman, ta ba wa Bankin Duniya hujjar dakatar da tattaunawar sabon shirinsa da ƙasar, ta kuma ba wa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan wariyar launin fata abin da ya kafa gargaɗinsa na watan Afrilu a kai. Waɗannan manyan ofisoshi na Addis Ababa da Washington da Geneva ba su da ido a unguwannin Sfax. Idonsu shi ne matashin da ke zaune da littafi yana rubuta abin da wata 'yar Kodebuwa mai goyo ke faɗa masa tana kuka.

Bari in ɗan ratse, domin akwai wani abu a kalaman Saied da ya soke ni ta wani gefen. Ya raba Afirka da Musulunci kamar ruwa da mai. Alhali Risala da almajirai ke biyawa a zaurukan Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, wanda ya rubuta ta, Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ne, birnin da ke tsakiyar Tunisiya. Fiƙihun da muke alwala da sallah da rabon gado a kansa ta wannan ƙasa ya biyo ya iso mana. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ayarin da ya kawo littattafai shi ya koma da bayi. Har yau a Tunis akwai kiɗan stambali, ɗan'uwan bori, da zuriyar waɗanda aka kai daga ƙasar Hausa da Barno suka riƙe, akwai kuma tsohon gidan da ake kira Dar Barnu. Mun daɗe a cikin Tunisiya, Tunisiya ta daɗe a cikinmu. Kuma Musulmin da ya san abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa Abu Zarr, ranar da ya goranta wa wani mutum uwarsa, cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, bai kamata a ce sai kwamitin Geneva ya tuna masa ba.

A farkon Yulin 2023 aka kashe wani ɗan Tunisiya a wata arangama da baƙi a Sfax. Abin da ya biyo baya shi ne kame gida-gida. Aka loda ɗaruruwan mutane a motoci, aka kai su kan iyakar Libiya kusa da Ras Jedir, wasu kuma iyakar Aljeriya, aka sauke su cikin rairayi a tsakiyar zafin bazara, ba ruwa ba inuwa, gaba soja baya soja. Human Rights Watch ta ce adadinsu ya kai 1,200. Hoton wata uwa da 'yarta mai shekara shida, kwance ba rai kusa da juna a kan yashi, ya zaga duniya. Hukumomin Tunisiya sun musanta cewa suna zubar da mutane a hamada. Abin da ya ƙaryata su shi ne wayoyin da suka rage da ɗan caji a hannun waɗanda aka zubar, da mutanen da suka karɓi saƙonninsu suka adana wuri da rana da suna.

Ana cikin wannan hali, ranar 16 ga Yuli, Ursula von der Leyen ta Tarayyar Turai da Giorgia Meloni ta Italiya da Mark Rutte na Holan suka sauka a Tunis, suka sa hannu a kan yarjejeniya da Saied, wadda ta ƙunshi yuro miliyan 105 na tare baƙin haure. Mutane na mutuwa da ƙishi a kan iyaka a makon da ake musabaha a fada. Turai tana da hukumomi masu kyau da ke bin diddigin wariya a cikin gidanta, suna fitar da rahotanni masu kauri duk shekara. Amma da ta zo sayen mai gadi a bakin Bahar Rum ba ta tsaya sai an ba masu sa ido kariya ba. Wanda ya biya kuɗin tare hanya, ya kuma kau da kai daga yadda ake tare ta, da hannunsa a cikin abin da ya faru.

Wata goma bayan haka aka juyo kan masu ƙirge. Ban da Saadia Mosbah, an kama Mustapha Djemali na majalisar kula da 'yan gudun hijira ta Tunisiya, dattijo mai shekara tamanin, an kama Sherifa Riahi wadda ta taɓa shugabantar ƙungiyar Terre d'Asile mai taimakon baƙi da 'yan gudun hijira a ƙasar. Ranar 11 ga Mayu wasu jami'ai da suka rufe fuska suka kutsa gidan ƙungiyar lauyoyi suka tafi da lauya Sonia Dahmani, kyamarar France 24 tana ɗauka kai tsaye. Daga cikin hukunce-hukuncen da aka yanke mata akwai ɗaurin shekara biyu saboda ta faɗa a rediyo cewa akwai wariyar launin fata a Tunisiya. Da dokar 54 ta 2022 aka ɗaure ta, wadda aka ce an yi ta ne don hana yaɗa labaran ƙarya. A ƙasar da ke da doka mai hukunta wariya, faɗin cewa wariya na nan ya zama ƙarya abin ɗauri.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Manoman zaitun na El Amra da Jebeniana, da dubban mutane suka kafa tantuna a gonakinsu suna jiran kwalekwalen Italiya, ba ƙarya suke yi ba in sun ce sun cutu. Matashin Sfax da ya gama jami'a ba aiki, ga sukari da gari suna ɓacewa daga shaguna, fushinsa na gaske ne. Duk na yarda. Amma tsare iyaka aiki ne na takarda: a tambayi mutum izininsa, in ba shi da shi a bi doka a mayar da shi gida da mutuncinsa. Da zarar an daina duba takarda an koma duba fata, har ɗalibi mai biza da ɗan gudun hijira mai kati da ɗan ƙasa haifaffen Gabes suka shiga mota ɗaya, to an bar maganar iyaka. Kuma ba yadda za a yi a san ko takarda ake dubawa ko fata, sai in akwai wanda ke tsaye yana rubuta waɗanda aka kama. Zargin cewa ƙungiyoyin nan da kuɗin waje suke aiki shi ma ba ya girgiza ni. Gwamnatin da ke zargin ita ma kuɗin wajen ta karɓa, kuma da ta kafa hukumar da dokarta ta ce a kafa, da ba ta bar aikin ga masu neman tallafi ba.

Wannan magana ba ta tsaya a bakin teku ba, ta gangaro har ƙofar gidanmu. Aljeriya ta shafe shekaru tana kame baƙaƙen fata a biranenta, a wuraren gini da kan titi da cikin gidaje, tana kai su ta Tamanrasset. 'Yan Nijar ana kai su a manyan motoci bisa wata yarjejeniya ta 2014. Sauran kuwa, 'yan Gini da Mali da Najeriya da Kamaru, ana sauke su a wani fili da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 cikin hamada kafin su ga garin Asamaka na Nijar. Wa ya san yawansu? Wata ƙaramar ƙungiya da ke Agadas, Alarme Phone Sahara, ita ce ke da mutane a wurin, suna fita da babur mai ƙafa uku suna ɗauko waɗanda suka gaza, suna kuma ƙirga kowace tawaga. Ƙirgensu ya nuna sama da mutum 26,000 a 2023, sama da 30,000 a 2024. Da yawa daga cikin 'yan Nijar ɗin Hausawa ne na jihar Damagaram. Mutanen Kance ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. An san adadin ne saboda wasu sun je sun ƙirga, sun kuma binne su. Waɗanda ba a je an ƙirga ba, iyayensu na nan har yau suna cewa yaro ya tafi ci-rani bai yi waya ba.

Kuma laifi tudu ne. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, zangunan Kumasi da Accra suka girgiza, mutanen da aka haifa a can suka kama hanyar garuruwan da ba su taɓa gani ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin nata, kimanin mutum miliyan biyu suka fita daga Najeriya, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar da suka zuba kayansu a ciki har yau da sunan wannan kora muke kiranta a kasuwa, ba tare da ko ɗar a zuciya ba. A duka biyun tattalin arziki ne ya karye, aka nuna wa talaka baƙo aka ce ga ɓarawonka. A jihar Blue Nile ta Sudan, a 2022, an kashe ɗaruruwan mutane a rikicin da tushensa shi ne wai Hausawan da kakanninsu suka zauna can tun kafin a haifi ƙasar ba su da haƙƙin sarauta ko ƙasa. A watan Maris na 2025 an ƙone mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo. Mu ma kuma, a garuruwanmu, an sha far wa mutane saboda yarensu ko addininsu, kuma duk mai gaskiya ya san haka. Kowane lokaci sai a yi kuka mako guda, a kafa kwamiti, a yi shiru, sai na gaba ya zo a yi kamar shi ne na farko.

Afirka ta Kudu, duk da munin abin da ake yi wa baƙi a can, ta fi mu a wannan gefen. Bayan kisan mutum 62 a Mayun 2008 da tashe-tashen da suka biyo baya, masu bincike a jami'ar Wits da ke Johannesburg sun kafa wani shiri mai suna Xenowatch. Kowa na iya aika rahoto ta waya, su tantance, su sa a taswira. Da wannan ne aka gane cewa harin ba ya faɗowa ko'ina kamar ruwan sama. Yana da unguwannin da yake maimaituwa, kuma sau da yawa akwai shugabannin unguwa ko 'yan siyasa ko 'yan kasuwa da ke cin ribarsa. Shirin bai hana ƙungiyar korar baƙi irin Operation Dudula tasowa ba. Amma ya sa minista ba zai iya tsayawa ya ce fashi ne kawai na ɓata-gari, ya wuce lafiya ba tare da an buɗe masa taswira ba.

Irin wannan nake so in ga jami'o'inmu sun ɗauka, Bayero da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni da ta Damagaram, tare da ƙungiyoyin direbobi da na fatake da sarakunan zango, waɗanda su ne ke fara jin labari kafin jarida. A rubuta wanda aka tare a hanyar Kudu saboda hularsa, a rubuta wanda aka ƙona wa shago a Arewa saboda sunansa, a littafi ɗaya, da alƙalami ɗaya. Abin da za a ƙirga shi ne abin da aka aikata, ba a bi mutane ana manna musu lambar ƙabila ba, domin Ruwanda ta nuna mana inda katin ƙabila ke kaiwa. In littafin ya zama na kukan ɓangare ɗaya kawai, ya tashi daga shaida ya koma makami. Sannan gwamnatocinmu, waɗanda ke da jakadu a Tunis da Aljas, su daina tsayawa a aika jirgi bayan an gama dukan mutane. Tarayyar Afirka tana da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam a Banjul, kuma Tunisiya mamba ce. Babu abin da ya hana Najeriya ko Senegal ta tashi a zauren taro ta ambaci sunan Saadia Mosbah, ta tambayi wakilin Tunisiya ina hukumar da doka mai lamba 50 ta ce a kafa.